A Bar Tarwaɗa Ya Koma Ruwa

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai dai Inna da ƙafarta, yau da daɗi gobe babu.

Maganar ɗanka ce ta hana ni sukuni. Tun da ka bugo waya ka ce ya daina zuwa ninkaya, gidan nan ya ƙi zaunuwa. Yaron bai yi musu ba, amma daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai bakin ƙofa, ya ɗauki tawul ɗinsa ya ninke ya sake warwarewa. Ni ma na kama ɗinki na ajiye ya fi a ƙirga. Jiya har wuyan riga na ɗinka a baibai.

Na san tsoron ruwa ne ya sa ka, da kuma karatu. Ni ma a da haka nake, sai da na je gasarsu da kaina, ka san gani ya kori ji. Wurin cike da ihun yara da ƙarar usur, ƙasa duk santsi, na riƙe takalmina a hannu. Abokansa Tarwaɗa suke kiransa, wai ba ya kamuwa. Na huɗu ya zo, ko kyauta bai samu ba, amma ya fito yana haki yana dariyar da rabon da in gani tun rasuwar mahaifiyarsa.

A hanya na tambaye shi me yake samu a wannan wahala. Ka san in'inarsa, ya daɗe kafin maganar ta fito. Ya ce a aji kowa ƙosawa yake ya ƙarasa masa zance, amma a ruwa babu mai ƙarasa masa komai, shi zai fara, shi zai kai bangon ƙarshe. Ya ce in ya sha kaye ma, nasa ne. Ni dai na yi ta gyaran mayafi.

Mai horar da su ya zo har gida, ya ce an sa sunansa a gasar wata mai zuwa, kuma masu ceto ba sa barin bakin ruwan. Karatun kuwa ni zan tsaya a kai. Ɗanka ne, ba zan tsallake maganarka ba, amma ni na goya ka, ina roƙonka ka janye. Kuma kada ka aiko ta bakina. Ka kira shi da kanka, in ya fara magana ka jira shi ya gama.

Inna tana gaishe ka, da Kawu, da Auta mai tambayar tsaraba. Ka gaida abokan aikinka.

Taka har kullum,
Yayarka