Kafin Ƙanƙara Ta Rufe Tafki

Bakin Tafkin Sorvala,
Minnesota,
12 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayata Marlys,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da kewarki da ba ta raguwa. Ina fata zafin Arizona yana yi wa gwiwoyinki daɗi kamar yadda likita ya ce, kuma tarin nan na safe ya sake ki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau, ban da sanyi da ya shigo ba sallama. Fasto ya samu jika mace. Ƙawarmu Lorraine ta zame a ƙofar coci ta karya wuyan hannu, amma bakinta yana nan garau. Maza duk sun shige daji farautar barewa, gari ya zama namu mu tsofaffin mata. Kin san ni da waya ba ma shiri, da na ɗauka sai magana ta gudu, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Maganar lun ɗinmu ce, tsuntsayen nitson nan da kike cewa na fi son su da mutane. Kin tuna sheƙar katako mai yawo a kan ruwa da mijina marigayi Orville ya yi musu. Tun rasuwarsa ni nake ɗaure ta a lungun arewa da zarar ƙanƙara ta narke, kuma shekara uku ke nan ba ɗa ko ɗaya da ya rayu. Bana suka dawo su biyu da jajayen idanunsu, macen ta yi ƙwai biyu. Ba a yi sati biyu ba Duane, ƙanin Orville, ya fito da sabon jirgin ruwansa mai inji, yana jan jikokinsa a kan tayar roba suna ta ihu. Ya zagaya ta lungun, igiyar ruwa ta doki sheƙar, da na je sai na tarar da ƙwai ɗaya a ruwa, ɗaya a fashe. A taron masu gidajen bakin tafki na miƙe na wanke shi tas a gaban kowa. Na ce mutum da shekara sittin da takwas yana tsere da 'yan sha shida, ko kunya babu. Ya yi dariya ya ce, "Matar Yaya, yanzu saboda agwagi za ki ci mutuncina? To sai mu ɗaukar musu ɗan sanda." Na ce ba agwagi ba ne, kuma ko agwagin ne sun fi shi sanin ya kamata. Daga ranar ban ƙara yi masa magana ba, ko a coci sai in juya masa ƙeya.

Cikin ikon Allah suka sake yin ƙwai, guda ɗaya, ya ƙyanƙyashe a ƙarshen Yuli, wata guda da rabi bayan lokacinsa. Yaya, da kin gan shi. Ɗan baƙin curi ne kamar ƙwallon zaren saƙa, yana hawa bayan uwarsa ya cusa kai a ƙarƙashin fiffikenta, ƙafa ɗaya a waje. Uban zai nutse ya fito da ɗan kifi a baki, ya miƙa masa, shi kuma don sakarci ya saki kifin ya faɗa ruwa, uban ya sake kamowa ya sake miƙawa, har sau biyar ba ya gajiya. Ranar da aka fara ba shi ƙaguwa ya tsorata ya ja da baya, ni kaɗai a kan gadar katako ina ta dariya kamar wata taɓaɓɓiya. Wannan jin daɗin daga Litinin zuwa Juma'a ke nan. Asabar da Lahadi kuwa raina a hannu yake wuni. Jirage sai su cika tafkin, masu gudu da masu kiɗa, da waɗanda suka fi ba ni haushi, masu matsowa a hankali don su ɗauki hoto. Iyayen su nutse, shi kuma bai iya nitso mai nisa ba, sai ya ɓullo shi kaɗai a tsakiyar jirage yana kuka. Ni kuwa ina tsaye ina kaɗa tawul ina ihu, su kuma suna ɗago mini hannu, a zatonsu gaishe su nake yi.

Duk da haka ya rayu, ya yi gashi toka-toka, ya fara kamun kifi da kansa. Sai a tsakiyar Satumba na ga uwar ta canza. Fuka-fukanta sun sauka, ta daina nitso, tana buɗe baki tana haki. Wata safiya na same ta a kan yashi, kuma kin san lun ba ya hawa tudu sai in abu ya ɓaci. Na kira ma'aikatan kula da namun daji, wata budurwa mai kirki ta zo ta naɗe ta a bargo ta tafi da ita, amma ba ta kai washegari ba. A raina na riga na yanke hukunci cewa jirgi ne ya buge ta, har na tsara abin da zan faɗa wa Duane. Bayan kwana goma budurwar ta dawo da wata 'yar kwalba. Ta ce dalmar fatsa suka ciro daga cikinta, irin wadda ake ɗaura wa zare don ƙugiya ta nutse, kuma guda ɗaya ta isa ta kashe lun. Na karɓi kwalbar na duba. Gefe ɗaya ya goge, amma a ɗaya gefen harafin O yana nan.

Kin san Orville ba ya sayen dalma, da kansa yake narkawa ya zuba, ya buga harafin sunansa. Kuma duk tafkin nan ba mai akwatin fatsarsa sai ni. Kullum da safe nakan fita da ƙaramin kwalekwalena, ina tuƙi da hannu ba inji ba hayaniya, in yi fatsa da kayansa don in ji kamar yana kusa. An sha cewa a daina amfani da dalma, ni kuma na ɗauka da baƙi 'yan hutu ake. A watan Agusta wani kifi ya tsinke mini zare ya tafi da ƙugiya da dalma, har na yi ta mita na rasa ta Orville guda. Ashe wannan kifin uwar ta kama ta haɗiye. Budurwar ta tambaye ni ko na san mai irin wannan, na ce zan bincika. Da ta tafi na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Uban ya ci gaba da ciyar da shi shi kaɗai, har tsakiyar Oktoba ya tashi ya yi kudu kamar yadda manyansu suke yi, su bar 'ya'ya su biyo baya. Na sauran tafkuna duk sun bi. Namu bai bi ba. Yana gudu a kan ruwa yana dukan fuka-fukai, ya yi nisa, sai ya zauna. Kin san ba sa iya tashi sai da doguwar hanya ta ruwa, ga shi ƙanƙara ta fara kamawa daga gefe, kullum na leƙa da safe sai in ga ruwan ya ƙara tsukewa. Wata gaggafa ta zo ta tare a kan busasshen icen tsibiri, ba ta gaggawa. Ma'aikatan sun ce ba za su iya kamo shi ba sai ƙanƙara ta yi kaurin da za ta ɗauki mutum, kuma ba su ɓoye mini ba, sau da yawa gaggafa takan riga su.

Ranar Juma'ar da ta wuce na haɗiye girman kaina na tafi gidan Duane. Na same shi yana loda kayan farauta a mota, jiragensa duk ya fitar ya lulluɓe. Shekara hamsin bai taɓa fashin ranar buɗe farauta ba, har ranar da matarsa Joyce take naƙuda. Na faɗa masa halin da ɗan yake ciki, na roƙe shi taimako, ina jiran ya rama. Sai kawai ya sauke bindigarsa ya mayar ɗaki. Tun daga ranar, kullum gari ya waye sai ya sa tsohon jirginsa na ƙarfe a ruwa, ya yi ta kai da komo yana fasa ƙanƙara, yana buɗe hanya doguwa ta fuskar iska. Shi kuwa ɗan, da ya ji inji sai ya nutse, don abin da iyayensa suka koya masa ke nan duk rani. Sai mun kashe inji mun koma gefe mun yi shiru muna rawar ɗari, sannan yake ɓullowa. A nan Duane ya ce mini laifinsa ne, da bai fasa ƙwan farko ba da ɗan ya zo a Yuni, da yanzu yana bakin teku. Kwana huɗu ina jinsa yana faɗin haka, ina ɓoye masa maganar dalmar.

Jiya na kasa daurewa. Muna cikin jirgi na ciro kwalbar daga aljihu na miƙa masa, na faɗa masa komai. Ya jujjuya ta a hannu. Can ya ce, "Ranar da Yaya ya narka waɗannan ai ni na riƙe masa tukunya." Ya mayar mini da ita, ya share hanci da bayan safar hannu, ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai, matar Yaya. Ki zo da kofi mai zafi, na yau kamar ruwan wanki." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yau da safe ɗan ya yi gudu mafi tsawo, na ga ƙafafunsa sun bar ruwa kamar taƙi guda, sai ya sake faɗowa. Rediyo ya ce jibi Juma'a sanyi mai tsanani zai sauko daga Kanada, kuma Duane ya ce irin ƙanƙarar da zai kawo ba jirgin da zai fasa ta. Ba ni da dabarar da ta rage, Yaya. Ba zan iya koya masa tashi ba, ba zan iya mayar masa da uwarsa ba, kallo kawai nake yi.

Ki gaishe mini da 'yarki Corinne da mijinta Wendell, ki ce na gode da barkonon da suka aiko, ya kusa kashe Fasto. Ki shafa mini kan jikokinki su Tessa. Joyce tana gaishe ki, Lorraine ma haka, da hannun hagu. Na san wasiƙar nan ba za ta iso ki ba sai sati mai zuwa. Na yi wa kaina alkawari, in ya tashi zan ɗauki wayar nan da na tsana in kira ki nan take. Saboda haka in kin riga kin ji muryata kafin ki buɗe ambulan ɗin nan, to ki yi dariya ki jefa ta a wuta. In kuwa ba ki ji ni ba, kada ki kira, ki dai sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Verna.