Motar da Aka Gwada a Tsaye

Aziziyya, Makka
20 ga Zulƙida

Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki da wannan gwiwar taki. Mu ma lafiya lau, sai zafi. Tunda kin ce ba kya jin saƙon muryata, wai ina magana kamar mai cin tuwo da zafi, ga takarda na rubuta, 'yarki Manar za ta ɗauki hotonta ta turo miki.

Kin san wakalar Abu Talal da nake wa tuƙi shekara ashirin da bakwai, inda muke sayar da motocin kamfanin nan na Amurka. To kamfanin ya daɗe yana jan ƙafa. Motocin Japan da Koriya sun cinye kasuwa, ga na Sin sun shigo. Da mu arba'in ne, yau mu tara ne har da Manar mai karɓar masu saye. Yanzu sun ƙero sabuwa, matsakaiciya, kuma Abu Talal ya faɗa mana baro-baro cewa in wannan ba ta karɓu ba zai rufe ƙofa.

Wallahi Yaya, da na gan ta sai da na yi tasbihi. Kana rufe ƙofarta duniya ta yi tsit. Kujerar ma tana tuna tsawon ƙafarka. In ka tsaya a danja injin ya mutu da kansa don kada ta sha mai, ka ɗaga ƙafa ya tashi. Ni da na koyi tuƙi a motar da sai an tura, yau ga abin da ɗan Adam ya ƙera. Allah mai iko!

Sun turo injiniyansu, wani dattijo Gilbat, ya gwada ta a zafinmu. Sai dai shi ba Musulmi ba ne, iyakarsa shingen Shumaisi a hanyar Jidda. Don haka aka liƙa mata kyamara da wayoyi, ni zan riƙa shiga gari da ita, in kai masa katin da ke naɗar komai. Shi so yake in yi ta gudu a babban titi. Na sa Manar ta gaya masa da Turanci cewa a Makka ba da gudu ake gwada mota ba, da tsayuwa ake gwada ta. Ya yi dariya, ya ce in yi yadda na saba.

A kan abin da zan kawo za a yanke ko a fara sayar da ita bayan Hajji. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Mukhtaru

Fagge, Kano
25 ga Zulƙida

Muntari,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ta gaishe ka. Takardarka ta iso, jikata ta karanto min har sau biyu.

Oh ni Ɗaso! Yau ƙanina ne Bature ke jira a bakin shinge? Kai da aka tafi da kai Makka kana goye, kana tsotsar yatsa, aka bar ni wurin kaka ina kuka. Na faɗa wa duk 'yan layinmu, har mai kayan miya.

Amma motar da ke mutuwa da kanta, mu a nan lalatacciya muke ce mata. Ku dai kuka san abinku. Ka rage yabo tukuna, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kuma ka riƙa shan ruwa, ba yaro ba ne kai.

Ka gaida Khadijatu da yara. Allah ya sa a yi Hajji lafiya.

Yayarka,
Ɗaso

Aziziyya, Makka
15 ga Zulhajji

Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an ci nama lafiya. Ni ban ci da daɗi ba, ga dalili.

Ranar takwas ga wata, ranar fita Mina, na shiga babban titin Aziziyya bayan azahar da takardar izini. Nan muka tsaya cak. Yaya, shekara hamsin ina ganin wannan rana, amma har yau tsigar jikina tashi take. Mutane fari fat iya ganinka, baƙi da ja, mai sanda da mai keken guragu, duk sun fuskanci waje ɗaya. Motar da na ce miki ba a jin komai a cikinta, sai ga Labbaika tana ratso gilashi har cikin ƙirjina.

Ina nan sai na ga wata tsohuwa ta zube a gefen titi, ɗanta yana ɗaga hannu. Mutanen Damagaram ne. Na buɗe musu baya, na ce su shigo sanyi. A nan asiri ya tonu. Tunda a tsaye muke, injin ya mutu kamar yadda aka koya masa, kuma yana mutuwa sanyin ya fara janyewa. Kafin ya ga dama ya tashi, iskar ta koma ɗumi. A ƙasarsu tsayuwar minti ɗaya aka yi wa lissafi, mu kuwa awa uku muka yi. Haka na yi ta ɗaga ƙafa daga birki ina mayarwa don injin ya farka, ga mutane jingine da hancin mota, gabana yana faɗuwa kada in taka wani. Ɗan yana zuba mata Zamzam a ka yana kiran "Inna, Inna." Alhamdu lillahi, ta kai hannun masu motar asibiti da ranta.

Na gaya wa Abu Talal. Ya riƙe kai, ya ce, "Ya Mukhtar, rana ɗaya ce a shekara. Ka ce kyamara ta mutu ranar, khalas, shi ke nan. In suka ga wannan za su dakatar da sayarwa, ni kuma ba zan kai baɗi ba." Ba mugun mutum ba ne, shi ya yi min tsaye a auren Manar. Ita kuma tana wurin, ta sunkuyar da kai, ga 'ya'ya biyu tana ci da su da aikin nan.

Katin yana aljihuna. Jibi Gilbat yake jirana. Tsoro nake ji, Yaya, ban ɓoye miki ba.

Ƙaninki,
Mukhtaru

Fagge, Kano
16 ga Zulhajji

Muntari,

Wa alaikumus salam. Yau ba dogon zance.

Na so in ɓoye maka sai lokaci ya yi, amma ka ja bakina. Yaran nan sun yi min rajistar Umara, a Rajab zan zo in Allah ya kai mu. Shekara saba'in da biyu, ga gwiwa, ga hawan jini. To tsohuwar nan ta Damagaram, ka ɗauka ni ce. Kuma ka ɗauka direban ba kai ba ne, wani ne da bai san dabarar ƙafa ba.

Na san aikin shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ne, na yi maka kuka yau da safe. Amma wanda ya ciyar da wannan taron da ka gani a rana ɗaya ba zai manta da gidanka ba. Ka kai wa Baturen katinsa.

Allah ya yi maka albarka.

Ɗaso

Aziziyya, Makka
3 ga Muharram

Yaya,

Assalamu alaikum. Na kai.

A wani ɗan ofis bayan shingen muka zauna, Manar tana fassara. Na ce ya tsallake zuwa wurin matsalar, ya ƙi. Awa ukun nan cur ya kalla, shayinsa ya huce. Da taron ya cika allon sai ya cire hularsa ya ajiye a cinya. Can ya ce, "Duk waɗannan ina za su?" Na ce wurin Ubangijinsu. Ya ce shekara talatin yana gwada motoci a hamada da ƙanƙara, bai taɓa sanin akwai irin wannan titi a duniya ba. Da aka zo kan tsohuwar, ya ga ƙafata tana hawa tana sauka, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ashe shi ma garinsu a kan motar nan ya rataya. Masana'anta ɗaya ta rage musu, ƙanensa da ɗansa duk a can suke aiki. Duk da haka a gabana ya rubuta a dakatar da sayarwa. Ya sa hannu. Na yi mamakin mutumin nan, Yaya.

Abu Talal ya ce in zauna a gida sai ya neme ni. Manar tana zuwa aiki, ba mai saye, kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni kuma ina zaune ina taya Khadijatu tsince shinkafa.

Ƙaninki,
Mukhtaru

Aziziyya, Makka
22 ga Jimada Sani

Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum. Jiya da hantsi Abu Talal ya zo gidana da ƙafarsa, Manar tana bayansa tana murmushi. Ya sa min makullin motar a hannu. Sun gyara ta. Gilbat ya aiko cewa daga yanzu duk motar da za su kawo ƙasar zafi sai ta yi tsayuwar awa uku kafin ta bar masana'anta, kuma ba zai yarda da wannan ba sai na gwada da kaina.

Na kai ta daidai inda tsohuwar ta faɗi, na tsaya a rana daga azahar har bayan la'asar. Masu shaguna suna leƙe, sun ɗauka na zautu. Yanzu haka mura nake yi.

Ko za ta karɓu, Allah kaɗai ya sani. Ƙofar wakala dai a buɗe take, kuma mu tara ne har yanzu.

Da ita zan tarye ki a Jidda. Ki taho da bargo.

Ƙaninki,
Mukhtaru