Sunan Malam Haruna a Wayar Ofis

Laraba da dare, Gudu

Yau Oga ya ce in haɗa wa Rukayya, sabuwar ma'aikaciyarmu, wayar tebur. Wayoyin nan ba a saita su da hannu. Da an jona intanet, waya za ta nuna wa sabar ofis shaidarta, sannan sabar ta turo mata lamba da suna a kulle, kada wani ya sace a hanya.

Ina jonawa, sai ga sunan Malam Haruna, mai wayar a da, wanda muka binne watan jiya. Na kai hannu zan goge shi, sai na tsaya.

Rukayya ta ce, "Yallaɓai, lafiya?"

Na gaya mata. Ta ce, "Bar shi ya kwana, mu yi masa addu'a tukuna."

Na bar shi. Gobe ni zan goge sunan. Allah ya jiƙansa.