Cakulan a Aljihun Idi

Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum daga Umdurman, nan Sudan. Ina gaida Saratu da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata takabata ta kusa ƙarewa, sugana ma ya sauka, sai ɗan jiri da safe.

Yaya, jiya ina ninke kayan marigayi Idi na sadaka, sai na tarar da takardun cakulan cike da aljihun jallabiyarsa, da guda ɗaya da bai buɗe ba. Mutumin da muka yi alkawari tare gaban likita mun bar zaƙi!

Na aika a tambayi Adam mai kanti. Wai “bidun sukkar” ne, wato babu suga. Ban yarda ba. Kowa a nan abin da zai sanyaya min rai yake faɗa, rubutun kuma Turanci ne.

Ga takarda ɗaya na haɗo. Karanta min, kada ka tausaya min. Ina so in san ko shi ya tayar masa da ciwon sugan.

Gudan nan yana ƙarƙashin matashina. Na ɗan gutsura. Kada Inna ta ji.

Ƙanwarka,
Asabe