Sun Karɓe Makullin Akwatin

Laraba, bayan isha'i. Gwandu.

Yau sun karɓe makullin. Na shiga motar Kalgo da safe, gwiwoyina na ciwo, don in duba akwatin da ke sarrafa sanyi da iskar ɗakin ajiyar magani, kamar kowane mako. In share ƙura, in ɗaure wayar da ta saki, in tone gidan zanzaro daga bakin ma'aunin zafi.

Sabon shugaban wurin ya tambayi Umaru mai gadi, a gabana, ko na'urar ta taɓa tsayawa. Umarun da muke raba goro ɗaya shekara da shekaru.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko sau guda. Malam dai zuwa yakai ya hura ƙura ya sha hira. Gida ba kowa."

Suka yi dariya. Ni na gaya wa Umaru gida ba kowa, bayan rasuwar matata Hajara. Ban gaya masa don ya kai ofis ba.

Ba ta taɓa tsayawa ba saboda ina zuwa. Wannan na kasa faɗa. Shugaban ya nemi makulli, na miƙa.

Batirin cikin akwatin ya kusa mutuwa, ga bazara ta matso. In ya mutu aka ɗauke wuta, na'urar za ta manta saitinta, magani ya lalace. Na so in yi shiru su gani. Amma masu shan maganin ba su yi mini dariya ba. Gobe zan rubuta wa shugaban takarda kan batirin in ba direba ya kai. Ba zan sa gaisuwa a ciki ba.