Tattasai a Cikin Fanka

Diffa, Asabar, Janairu 1997

Zuwa ga matata Kellu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kin kwana lafiya. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Ina gaida Inna da mutanen Fulatari baki ɗaya. Barka da sauka, Allah ya raya mana.

Abbakar mai motar kasuwa ya kawo mini takardarki. A tsaye na fara karantawa, sai da na nemi wuri na zauna. Wata bakwai kacal, Kellu. Kin ce jiya Juma'a ɗanmu ya zo, bai cika tafin hannun Inna biyu ba, kuma majo, malamin ɗakin shan magani, ya ce a kawo shi asibitin Diffa, kada sanyi ya taɓa shi a hanya. Motar Abbakar buɗaɗɗiya ce, ba zan sa ɗana a cikinta ba a ɗarin nan. Ni zan zo da kamiyo, babbar motata ta kaya.

Ga abin da ya tsayar da ni. Na murɗa shofaj, abin ɗumama gaban mota, wanda tun da Baba ya bar mini tsohuwar nan hannuna bai taɓa zuwa kansa ba. Wa ke neman zafi a Diffa? Fankar ta kama ƙara kamar injin niƙa ya haɗiye tsakuwa, iskar da ke fitowa kuwa numfashin akuya ya fi ta ɗumi. Na kai wa Babagana bakanike, ya yi ta dariya, wai tun da yake gyaran mota ba wanda ya taɓa kawo masa kukan sanyi. Da na gaya masa dalili, ya haɗiye dariyar ya ɗauko sufana.

Ki gaya wa Inna kada ta soma zancen kasko, na san ta. Garwashi a mota rufe, babba ma yana kayar da shi.

Ki ƙara haƙuri kaɗan, ina tafe.

Mijinki,
Ilu

Diffa, Litinin

Kellu tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida ɗan baƙonmu. Yana kama nono kuwa? Abbakar ya ce Inna na cewa na tsaya shafa ƙarfe ɗana na jiran mutuwa. Ban ga laifinta ba.

Mun ciro fankar. Sheƙar ɓera muka tarar a ciki, da tsinke da ƴaƴan tattasai cike da gwangwani, na shekarun da na yi ina ɗaukar buhuna daga bakin kogin Komadugu. Ƙarar ta mutu, amma ɗumi bai zo ba. Babagana ya bi tiyo ya kai ga ƙaramin lagireton da ke bayan fankar, ya same shi toshe da laka, don ruwan kogi muke ɗura wa motar. Muka wanke shi har ya zubo fari. Duk da haka iskar sai ɗan dama-dama.

Ashe akwai wani ɗan marfi da ake kira tamosta, shi ke tsare ruwa har inji ya yi zafi. Kowane bakanike a garin nan, ranar da mota ta shigo hannunsa yake cire shi ya yar, don gudun bazara. Na zaga masu kayan gyara kaf, har wani na tambayata ko lafiyata ƙalau. A ƙarshe Babagana ya zazzage tarkacensa ya samo guda uku masu tsatsa. Muka dafa su a butar shayi, ɗaya ya buɗe baki, shi muka sa.

Ɗumi ya zo, Kellu, har na yi hamdala. Sai kuma na rufe gilashi. An gudu ba a tsira ba: zafin ya tashi garin tattasan da ya maƙale a bututun iska, na fito ina tari, idona na ruwa. Ni ƙato ke nan, ina ga mai huhu kamar na ɗan tsako? Na zura tsumma jiƙaƙƙe iya inda hannuna ya kai, na hura da famfon taya, na koma ciki na rufe kaina ina shaƙa. Yanzu sai ɗan ƙaiƙayi a maƙoshi. Ban sani ba ko ya ragu ne, ko hancina ne ya mutu.

Ba zan ƙara kwana ba. Gobe zan taso da fankar a kunne har Fulatari. Ku shirya, jibi da sassafe za mu juyo, kafin rana ta saki yashi mota ta kafe.

Naki,
Ilu

Ƙofar asibiti, Alhamis

Kellu,

Yaya kuka kwana? Ungozoma ta ce maza ba sa shiga inda kuke, amma ta yarda ta miƙa miki wannan.

Tun jiya abu ɗaya ke cin raina. Ramin nan na kusa da Maine, na gan shi, na taka birki, ban kauce ba. Da motar ta buga, na ga jan gari ya feso daga fankar ya nufi cinyarki. Na kashe ta nan take, amma na ji atishawarsa, ƴar siririya. Kika cusa shi cikin rigarki, na rufa miki kwat ɗina, sanyi ya dawo mana. Daga nan har Diffa ban ƙara jin motsinsa ba, kuma tsoro ya hana ni tambayarki. Kwanakin da na ci ina gyara, ɗumin rabin hanya kawai suka saya masa. Ban sani ba ko da na taho tun Asabar da ya fi.

Ina nan cikin kamiyo jikin katanga, ina kallon tagoginku, ban san wacce ce taku ba. Duk wadda ta fito na tare ta, sai ta ce ana kan yi, in yi addu'a. Ina yi, har bakina ya bushe.

Gobe Juma'a, kwana bakwai, ko huɗuba ban yi masa ba. Liman ya aiko yana tambaya ko ya zo da safe. Ke ce kike ganin ƙirjinsa yana ɗagawa. Don Allah kada ki lallashe ni, ki juya takardar nan ki rubuta mini gaskiya: in je kasuwa in sayo ragon, ko in dakata?

Mijinki,
Ilu