Inda Nake Maƙala Fensir

Zuwa ga Uwata,

Bayan sallama, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan sai godiya. Na ce mu ne don sabo, gidan dai ni ne da agogon bango. Yayanki yakan leƙo in aiki ya sake shi, gwaggonki kuwa ƙafa ta matsa mata, sai a waya muke gaisawa. Lemon da mahaifiyarki ta dasa ya yi 'ya'ya bana har suna zuba, babu mai tsinta.

Akwai maganar da na ƙi yi miki a waya, don na san halinki: kafin in kai aya kin fara neman jirgi. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Kin san gefen kaina na dama, tsakanin ido da kunne, inda nake maƙala fensir idan ina duba rubutun maɗaba'a. Tun watannin baya wurin ya fara ciwo, ko hula ba ya so. Na ɗora wa tabarau laifi, na kai aka buɗa ƙafafunsa, na mayar da fensirin kunnen hagu, na ci gaba da aiki. Sai ranar walimar wani tsohon abokin aikina aka sa mini nama a gaba. Ban yi nisa da tauna ba muƙamuƙina ya gaji, irin gajiyar ƙafa a kan matakala. In na huta ya sake ni, in na koma ya dawo. Abokin har ya tsokane ni, wai tsufa ya fara karɓar haraji ta baki. Bayan kwana kaɗan, ina tsakiyar shafi, idona na dama ya yi duhu kamar an saki labule, jim kaɗan ya washe. A nan na ajiye fensir na tafi asibiti.

Likitar da ta gan ni ba ta girme ki ba. Ta ɗauko ƙoƙon kai na roba, ta sa na ɗora yatsu a gefen kaina na cije haƙora, sai na ji abu ya kumburo. Ta ce tsoka ce shimfiɗe kamar mafici, tana tsukewa ta bi ta ƙarƙashin ƙashin kunci, wanda ya yi mata gada, ta kama muƙamuƙi. Ƙarƙashin gadar akwai wani kogo da ba a gani daga waje, cike da sauran tsokokin tauna da jijiyoyi. Jijiyar jinin da ke bugawa a gaban kunnena ita ce ta kumbura, da 'yan'uwanta masu kai wa tsokokin jini, shi ya sa suke gajiya. Ciwon kuma yakan kama wadda ke ciyar da ido, in ta toshe gani ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ranar aka fara ba ni magani, daga baya aka yanki ɗan guntun jijiyar aka tabbatar. Yanzu ciwon ya lafa, ina karatu da ido biyu.

Ta tambaye ni yaushe gajiyar taunar ta fara, na ce ban lura ba. Mu mutanen jarida a tsaye muka saba ci, ido a kan shafi. Mahaifiyarki ce ke ƙwace takarda ta zaunar da ni. Tun rasuwarta kuwa shayi ne da burodi, in tsoma in haɗiye a bakin tagar kicin. Ashe ciwon ya daɗe yana sallama, ni ne ban taɓa yin taunar da zan ji shi ba. Likitar ta ce yayin da ake rage maganin zai iya dawowa, kuma muƙamuƙi na cikin masu fara kawo labari. Don haka kullum in zauna in ci abin da ake taunawa, in na ji gajiyar nan ko ido ya yi hazo, in zo nan take.

Na gwada, Uwata. Na sayo nama, na dafa, na shimfiɗa ledar teburi. Kujerar mahaifiyarki da ke fuskantata ce ta hana ni, na tashi na koma bakin taga. To ga roƙona. Ba na so ki bar aikinki ki taho, ba na kuma son aike. Azahar ɗinmu ita ce safiyarku, lokacin da kike shirya yara. Ki riƙa kirana, ki jingina wayar da kwalbar madara, ku ci gaba da hayaniyarku, ba sai kin ce mini komai ba.

Ki gaishe da surukina, da mai sunana, da amaryata mai giɓi, ki ce mata angonta ya riga ta iya tauna. Gwaggonki da yayanki suna gaisuwa. Gobe zan zuba abinci in zauna. In kin ji na yi shiru a wayar kada ki tsorata, tauna nake yi.

Naki,
Babanki